Harafin da Na Buga a Bindigar Gado

Ƴaƴana, da ku jikokina da za a karanta wa wannan, kun taso a gidanmu na unguwar Talaje a Yamai kuna jin ana cewa kakanku Baba Sarzan ya bar aikin duba bindigogi ne don idonsa ya mutu. Idon ya mutu kam, amma ba shi ya raba shi da aikin ba. Ni ne. Uwarku Dije ta sani, ta rufa mini asiri har ta koma ga Allah. Yanzu da ƙafafuna suka fara ƙin kai ni masallaci, na ga gara ku ji daga gare ni, don kada ku ci gaba da ɗora wa ciwon ido abin da ba shi ya yi ba.

A shekarar da fari ya kai maƙura, soja kuma suka karɓi mulki, ni maƙeri ne a kasuwar Katako. Ina yanka tano, wato duro, ina yin murhu da bokiti da tukunyar ƙarfe. Karatun lakkal, wato boko, aji uku na yi, na dai san haruffa ɗai-ɗai, ba na iya haɗa takarda. Baba Sarzan ya ba ni ƴarsa, ya kuma ba ni ɗaki a cikin gidansa, abin da ya sa mutanen ƙauyenmu suka yi ta yi mini dariya, wai na tare a gidan suruki. Shi kuwa in ya ga na sunkuyar da kai sai ya ce ba zama nake yi ba, gadi nake yi masa, kuma bai taɓa ganin mai gadin da ya kai ni barci ba. Dogon mutum ne, tsohon sojan Faransa. Yawancin shekarunsa na soja a mangazar makamai, wato ɗakin ajiyarsu, ya yi su, yana kwance bindigogi yana ɗaurawa. Ko a tabarma yake zaune, bayansa a miƙe yake kamar an kafa turke. Ni ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. A tsugune nake gaishe shi, a tsugune nake jin abin da zai ce.

Da soja suka hau, sai aka yi shela duk mai bindiga ya kawo ta a gani. Cikin ƴan makonni farfajiyar jandarma ta cika da tarin tsofaffin ƙarafa, daga na mafarauta har na tsofaffin soja da aka gada. Hafsan jandarman da aka ɗora wa aikin, mai muƙamin ajidan, saurayi ne, haifaffen Yamai, Hausarsa ta kasuwa ce. Bai san ta inda zai fara ba, sai aka ce masa akwai wani tsoho a Talaje. Ya aiko aka kira Baba, ya ba shi aikin rarrabewa: wadda za a karya, wadda za a mayar wa mai ita ya ajiye, da wadda ke da sauran aiki. Ladan shi ne jar dawar taimako, kowane mako. Dawar nan ita ta riƙe gidanmu, don a lokacin ƴan'uwa daga daji sun cika mana zaure da tsakar gida, uwarku kuma tana da cikin Rabi.

Ranar da zai fara, bayan sallar asuba, ya kira ni bayan ɗaki inda ba kowa.

"Maƙeri, ka san A da B?"

Na ce na sani, Baba.

"To. Yanar ido ta rufe mini gani. Kai kanka kamar hayaƙi nake ganinka, kodayake ba a yi hasarar komai ba. Za ka riƙa ɗaukar mini jaka. In na tsai da yatsa a kan ƙarfe, ka faɗa mini abin da ke wurin, a hankali. Ajidan ba ya bukatar ya sani."

Haka muka fara. Zai ɗora bindiga a cinya, ya bi gindin bututun da babban yatsa, ya tsaya, ni kuma in sunkuyo kamar ina share ƙura, in raɗa masa. Ni da ban iya haɗa ido da shi, ga shi kullum kanmu a haɗe. Uwarku ta yi ta tsokanata, wai Baba ya ƙwace mata miji.

A nan ya koya mini karatun ƙarfe. Ya ce kowace bindigar soja, kafin ta bar gidan da aka ƙera ta, sai an ɗura mata harsashin da ya fi ƙarfin wanda za ta ci a fagen yaƙi, a harba. In za ta fashe, ta fashe a can, ba a hannun ɗan wani ba. In ta jure, mai gwajin ya ɗauki ƙarfensa ya buga mata tambari a gindin bututu, ma'ana ya gani da idonsa, ya ɗauki nauyi. Ya nuna mini kambi da haruffa a ƙarƙashinsa, ya ce na Ingila ne. Ya nuna mini ƙaramin tsuntsu mai buɗaɗɗen fiffike, na Jamus. Harafi guda a cikin da'ira kuwa, a bindigar Faransa, farkon sunan mutumin da ya duba ta ne. Wata rana na ga wata alama kamar sawun kaza, na yi sauri na ce ai wannan an gwada ta. Ya ɗan buge mini hannu. Ya ce wannan shaidar mai ita ce, gwamnatin da ta mallake ta, ba shaidar lafiyarta ba ce, kuma mutum yana iya samun uba sananne ya tashi da ciwo. Nasarun da suka zo aikin taimako, waɗansu cikinsu suna sayen irin waɗannan bindigogi don tarawa, sukan kawo masa gida ran Lahadi. Ya shafa, in raɗa, ya gaya musu garin da aka haife ta da yaƙin da ta gani, suna rubutawa a ƙananan littattafai. In sun tafi sai ya ce su da sauƙi, a bango za su rataya, bango kuwa ba shi da fuska.

Abin da ya fi nanata mini shi ne harafin N. Ya ce tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu Faransa ta sake harsashi, ta yi wani mai nauyi. Sai aka tattara tsofaffin bindigogi aka faɗaɗa musu makwancin harsashi, duk wadda aka yi wa aikin aka buga mata N. Waɗanda suka maƙale a daji hannun dogaran sarakuna ba a taɓa kai su ba. Harsashin da ya rage a mangazar jandarma kuwa duk sabon ne.

"Wadda ba ta da N," in ji shi, "tana iya haɗiye sabon harsashi yau ta yi shiru, gobe ta yi shiru. Ranar da ta gaji, da fuskar mai ita za ta tafi."

Ana cikin haka Gado ya zo mini a Katako. Gado taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu zagi juna ba. Shanunsa sun ƙare a daji, ya kwaso iyalinsa suka kafa ƴar bukkar zana a Harobanda, hayin gulbi. Ya rame har na kusa wuce shi, amma bakin yana nan.

"Mijin gidan suruki, an ba ka izinin fitowa yau?"

Na ce masa ai gara ni, ina da inda ake korata. Muka yi dariya, na sayo masa fura, ya sha rabi ya rufe sauran ya ce zai kai wa yara. Sannan ya warware tabarmar da ya zo da ita. Gajeriyar bindigar Faransa ce, ta babansa, wanda ya yi dogari. Ya ce an yi masa alkawarin gadin wata mangazar hatsin taimako a bayan gari, inda ɓarayi suka taɓa fasawa, amma sai mai bindigar kansa, da takardar jandarma, su kuma za su ba shi harsashi.

"An ce surukinka ne ke sa hannu. An kuma ce kai ne ke riƙe masa jaka. Ko jakar ma ba a yarda ka buɗe ba?"

Na karɓi bindigar na goge gindin bututun da tsumma. Ga harafi a da'ira, ga lambobi, komai tsaf. Na juya ta sama da ƙasa. Babu N.

Da na gaya masa gaskiya a wurin, da zai yi baƙin ciki na yini ɗaya, mu nemi wata hanya. Ban gaya masa ba. Na daɗe ina cewa tausayin ƴaƴansa ne ya sa, kuma akwai tausayin. Amma rabin abin girman kai ne. Ina so Gado ya koma Harobanda ya ce Ilu ba ɗan ɗaukar jaka ba ne, maganarsa tana wucewa a gidan jandarma. Na ce ya bar mini ita kwana biyu a yi mata mai. Da ya tafi na samo guntun ƙarfe mai tauri, na yini ina goga shi da magagari har na fitar da harafin. Na gwada a kan murfin tano sau da yawa, sannan na ɗora a gindin bututun na ba shi guduma ɗaya. Ya fito da kyau, har na ji daɗin hannuna, Allah ya yafe mini. Na shafe wurin da toka da baƙin mai don ya tsufa.

Ranar da Gado ya kawo ta farfajiya, ajidan yana zaune kusa da mu a inuwa. Baba ya ɗora ta a cinya ya bi ta da yatsa. Na raɗa masa da'ira, na raɗa masa lambobi. Yatsan ya iso wurin, ya tsaya. Ya wuce, ya dawo, ya sake tsayawa.

"Me ke nan?"

Na ce N ne, Baba.

"Tsoho ne?"

Na ce tsoho ne.

Sannan ya ce a kawo takarda, na kai masa hannu wurin da ake sawa kamar yadda muka saba, ya sa. Gado ya fara godiya, Baba ya ɗaga masa hannu, ya juya wajen ajidan.

"Ajidan, duk waɗanda na sa wa hannu a baya, ajiya za a yi da su. Wannan ce ta farko da za ta ci harsashi. Ka ba ni guda ɗaya da takardar izini, jibi in kai ta bayan gari. Abin da na sa wa hannu, ni nake fara harba shi."

Ajidan ya yi dariya ya ce, "Tsoho, kai dai ba ka gajiya." Ya ba shi.

Kwana biyun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Uwarku ta ajiye mini tuwon jar dawa da rana, ta dawo ta tarar da shi yadda yake, ta ce in ba na so akwai bakuna goma a zaure. Na ce ciki ne. Ta dube ni ta ce, cikin wa, nata ko nawa. Abin da nake gaya wa kaina shi ne, ai Baba da kansa ya ce takan yi shiru yau, ta yi shiru gobe. Kuma ya taɓa gaya mini cewa tun yana soja, bindigar da yake shakka, a jikin itace yake sa a ɗaure ta, a ja kunama da igiya daga nesa. Sai na nemi doguwar igiya na sa a jaka, na ce da ita zan tsira.

Da hantsi muka ƙetare gada, muka ɗauki Gado a Harobanda, muka yi ta tafiya har muka bar bukkoki, muka shiga wata busasshiyar ƙorama a gindin tsauni. Ko ciyawa ɗaya babu, sai ƙasusuwan dabbobi. Gado yana ta zuba, wai in aka ba shi gadi, ɓarawon farko da zai kama ni ne. Na ga wani kututturen aduwa, na fiddo igiya na fara warwarewa.

"Me kake warwarewa, Maƙeri?"

Na ce igiya ce, Baba, ko za a ɗaure ta.

"Igiya ta marar tambari ce. Wannan ai ka ce tana da shi. Nasara ya riga ya gwada ta, mu me za mu ƙara? Juya ni wajen tsaunin, ku koma bayana."

Na kama gefen rigarsa na juya shi. Ya ja sakata, ya lalubi harsashin a aljihu ya sa, ya rufe. Ya gyara tsayuwa irin ta soja, ya ɗaga ta, ya kwantar da kuncinsa a jikin itacenta, daidai inda na buga harafin, tsakaninsa da ido bai kai tafin hannu ba. Na ga yatsansa ya shiga wajen kunama. Ban san lokacin da na zube a ƙasa na riƙe ƙafarsa ba, ni da ko inuwarsa ba na takawa.

"Baba, kada ka harba. Babu N. Ni na buga shi."

Bai sauke ta nan take ba. Ya ɗan jima a haka, sannan ya saukar, ya ja sakata, harsashin ya faɗo cikin yashi kusa da gwiwata. Mai rai ne, na ɗauka na duba.

"Na sani," in ji Baba. "Tambarin da ya tsufa gefensa ya lafa, santsi gare shi. Naka ya cije ni a yatsa. Kuma ka yi masa kyau da yawa, su ba sa ɓata lokaci haka."

Na ce, to Baba me ya sa ka sa hannu.

"Sau biyu na tambaye ka, ajidan yana zaune. In na ce ƙarya kake a wurin, a wannan zamani, wa ya san ranar da za ka fito? Dije ga ciki. Na ce bari in ba ka kwana biyu ka zo da kanka. Ba ka zo ba, ka zo da igiya."

Gado ne ya yi tambayar da na kasa yi. Ya ce, "Baba, da bai yi magana ba fa?"

"Da na harba. Na sa hannu."

Ya faɗi haka ne kamar mai cewa za a yi sallar azahar. Sannan ya miƙa wa Gado bindigar ya ce ya yi haƙuri, ba za ta yi gadi ba. Ya ce irinta da ba a taɓa ba sun yi ƙaranci, da wani daga cikin Nasarun nan ya gan ta yadda babansa ya bar ta, da ya so ta ƙwarai, amma yanzu an yi mata ƙarya a jiki, ba mai so. Ya sa na yi alkawarin in sare harafin da kurfi a ranar, don kada wani ya gaje ta ya yarda da shi. Gado bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya naɗe ta a tabarma, ya ce mini kawai, "Ilu, da fuskata ka yi wasan?"

Daga can ba mu biya gida ba, Baba ya ce gidan jandarma. Ya shiga biro, ofishin ajidan, ya ƙame, ya ajiye harsashin da takardar a kan tebur.

"Ajidan, a yaga wannan. Na sa hannu a kan abin da ba daidai ba. Tambarin jabu ne."

Ajidan ya ce yaya aka yi tsoho kamarsa bai gani ba.

"Don ba na gani. Tun kafin ka kira ni ba na gani. Da yatsa nake yi maka aiki, na ɓoye maka."

Ajidan ya tashi ya zagayo, ya kaɗa hannu a gaban fuskarsa. Sannan ya juyo gare ni, ya ce, kai fa, me ka sani a ciki, wa ya buga. Ƴaƴana, nan ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko nauyi a wurina. Bakina ya buɗe, tsoro ya rufe shi. Na tsaya ina kallon ƙasa.

"Jaka yake ɗaukar mini," in ji Baba. "Bindigar ta bi hannaye da yawa. Ni ne na sa hannu, ni za ka tambaya."

Ajidan ya daɗe yana kallonmu. Ina jin ya gane, don ba wawa ba ne. Ya yaga takardar, ya ce, "Tsoho, je ka huta. Kada ka sake zuwa." Ya sara masa duk da haka.

Daga makon nan dawar ta yanke. Gidanmu ya koma cin abinci sau ɗaya har ruwa ya sauka, a cikin wannan hali aka haifi Rabi, shi ya sa ta zo ƴar ƙarama. Labarin idon Baba ya bazu, Nasarun ma suka daina zuwa. Mutumin da ya yi rayuwarsa da ƙarfe a cinya bai sake taɓa bindiga ba har ya rasu. Gado kuwa, na ɗauke shi maƙerata muna yanka tano tare, muna raba abin da aka samu, sai da aka yi watanni kafin ya sake kirana mijin gidan suruki, ranar kuwa na ji kamar an yi mini kyauta. Uwarku kuwa, na gaya mata da kaina a yammacin ranar. Ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba, a na huɗu ta ce Baba ya hana ta fushi, wai in akwai mai fushi shi ne, kuma ya gaji. Shi bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko da wasa, shi da ba ya barin komai ya wuce bai tsokane ni ba.

Da muka fito daga biron a ranar, farfajiyar cike take da jandarmomi da mutanen da suka kawo bindigogi, waɗansu suna gaishe shi. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga hannu ya lalubi kafaɗata ya dafa, a gaban kowa.

"Yanzu ba sauran raɗa, Maƙeri. Wuce gaba. Abin da ka gani shi za ka faɗa mini. In rami ne ka ce rami."

Muka fita titi. Ba mu yi taku ashirin ba na tsaya, na ce Baba, akwai kwata a gabanmu.

"Babba ce?"

Na duba da kyau kafin in amsa. Na ce babba ce, sai mun zagaya.

"To, mu zagaya."